In za a ɗaure Shaiɗan shekara dubu, don me za a sake kwance shi?

Maigadin Apapa:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Iyayena da ke cikin zauren nan, ina gaisuwa.

Tambayata a kan Ru'ya ta Yohanna sura 20 ce, kuma ba don neman gardama na kawo ta ba. An ce mala'ika ya sauko riƙe da mabuɗi da babbar sarƙa, ya kama macijin nan na tun dā, ya ɗaure shi shekara dubu, ya jefa shi rami, ya kulle, ya buga hatimi. Zuwa nan zuciyata amin take cewa. Sai ƙarshen aya ta 3 ta ce bayan haka dole a sake shi na ɗan lokaci. Dole? Wa ya wajabta? Wanda yake shan jinin mutane tun daga kan Habila, an samu an kama shi, me zai sa a sake buɗe masa ƙofa?

Ni aikin gadi nake yi a wani wurin ajiye kwantena a Apapa, aikin dare. In dare ya raba, tireloli sun lafa, sai in zauna a bakin get in buɗe Littafi da fitilar waya, sauro na cizo ina karatu. A majami'armu ta sashen Hausa abin da aka koya mana shi ne: fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama, sai shekara bakwai na babban tsanani, sai dawowar Ubangiji, sannan shekara dubu. Amma abokin aikina, ɗan Taraba ne, a wata ɗarika ya taso, ya ce su a wurinsu shekara dubun nan ita muke ciki yanzu, wai tun a kan gicciye aka ɗaure Shaiɗan. Ranar da ya faɗa mini haka tashi na yi na zagaya bayan kwantenoni, don kada bakina ya furta abin da bai kamata ba.

Ga dalili. Ni mutumin arewacin Adamawa ne. A 2014, shekarar da Michika da Mubi suka faɗi, aka shigo ƙauyenmu, aka ƙone majami'a da rumbuna, aka kashe yayana a bakin gonarsa ta gyaɗa da fartanya a hannunsa. Da muka samu komawa, da takalminsa na roba muka gane shi. 'Ya'yansa uku yanzu a hannuna suke, da albashin gadi nake biyan kuɗin makarantarsu. To in Shaiɗan a ɗaure yake a wannan rana, wa ya yi wannan aikin? In kuma sai nan gaba za a ɗaure shi, ashe ko bayan Yesu ya yi mulki a duniya akwai sauran gudu a gaba?

Sai ƙaramar tambaya. Wani mai wa'azi a cikin danfo, tsakanin Mile 2 da Oshodi, ya rantse cewa NIN da BVN su ne alamar dabbar nan, 666, wadda Ru'ya sura 13 ta ce ba mai saye ko sayarwa sai da ita. Mahaifiyarmu a gida ita ma ta ji irin wannan magana ta ƙi zuwa a ɗauki hoton yatsunta, ga shi an rufe mata layi, sai ta wayar maƙwabta nake samunta. Me zan ce mata?

Malamin Lahadi, Agege:

Ɗan'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da kai, ya raya marayun nan, ya ƙara maka buɗi saboda su.

Ni tela ne, amma ni ke koyar da ajin manya a makarantar Lahadi, kuma abin da aka koya muku shi na riƙe. Ka karanta sura 19 da ta 20 a jere ba tare da ka tsaya ba. A 19 Ubangiji ya fito a kan farin doki, aka kama dabbar da annabin ƙarya aka jefa su tafkin wuta da ransu. Bayan wannan ne aka ɗaure macijin. Ke nan ɗaurin yana nan gaba. Bitrus ma, shekaru bayan gicciye, cewa ya yi Iblis yana zagayawa yana ruri yana neman wanda zai cinye. Wanda ke cikin rami an buga masa hatimi ba ya zagaye gari.

Batun "dole" kuwa, ga yadda na fahimce shi. Ka taɓa ganin an kama ɓarawo a kasuwa? Kalmar farko da ke fita bakinsa ita ce, "Ku yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne." Mazinaci haka, mai cin amanar marayu haka. In ba Shaiɗan muka ɗora wa ba, sai mu ce talauci ne, ko shugabanni ne suka lalace. To Allah zai kawar da uzurin nan duka. Shekara dubu babu mai jaraba, babu azzalumin sarki, babu yunwa, Ishaya 11 ta cika, kyarkeci da ɗan rago wuri ɗaya. Sai a sake shi kaɗan, sai ga taro kamar yashin teku sun bi shi, Gog da Magog, daga kusurwa huɗu na duniya. Mutanen da suka ga adalci da idonsu! A nan ne maganar Yesu a Markus 7:21 za ta tabbata a gaban kowa, cewa daga cikin zuciyar mutum ne mugunta ke fitowa. Shi ya sa nan da nan sai farin kursiyin shari'a ya biyo, aka buɗe littattafai. Babu mai sauran bakin magana.

Kuma kada sakin ya tsorata ka. Duba aya ta 9. Sun kewaye sansanin tsarkaka, wuta ta sauko daga sama ta cinye su. Shi ke nan. Ba a ce ko mutum ɗaya na Allah ya gudu ko ya mutu ba. Aya ta 4 kuma tana maganar waɗanda aka kashe saboda shaidar Yesu, cewa sun rayu sun yi mulki tare da shi. Ka sa sunan yayanka a wurin in kana karantawa.

Mama kuwa, a lallashe ta ta je ta yi NIN ɗinta.

Dattijo, Idi-Araba:

Ɗana, sannu da haƙuri. Na karanta maganarka a hankali, har wurin takalmin nan, sai da na ajiye tabarau na ɗan jima.

Ni tsohon malamin makaranta ne, na daɗe a Ikko, kuma ina cikin masu ra'ayin abokin aikinka. Kada ka yi fushi da shi. Mai yiwuwa bai iya shimfiɗa maganar ba ne. Ba cewa muke Shaiɗan ya daina ɓarna ba, wa zai faɗi haka a ƙasar nan? Aya ta 3 ta faɗi abu guda da ɗaurin ya hana shi: kada ya ƙara ruɗin al'ummai. Kafin zuwan Almasihu, sanin Allah na gaskiya a ƙaramar al'umma ɗaya yake. Bayan tashinsa ƙofa ta buɗe, kuma har yau maƙiyi ya kasa rufe ta. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a nan Legas da nufin shiga ƙasar arewa. Kafin 1894 ta ƙare biyu daga cikinsu sun mutu da rashin lafiya, Bingham kaɗai ya koma. Duk mai lissafi a lokacin cewa zai yi magana ta ƙare. A 1932 ga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, yau ga ka a bakin get a Apapa kana karanta shi. Yesu ya ce ba a washe gidan ƙaƙƙarfa sai an fara ɗaure shi, Matiyu 12:29. Mu ne kayan da aka washe.

Kai mazaunin Legas ne, ka san rigimar haya. Kotu ta yanke hukunci, takardar tashi ta fito, amma ma'aikatan kotu ba su zo fid da kaya ba tukuna. A tsakanin nan ne mugun ɗan haya ke fasa tagogi yana tuge wayoyin wuta, don ya san gidan ya riga ya fita hannunsa. Ru'ya 12:12 haka ta ce, ya sauko da babban fushi domin ya san lokacinsa kaɗan ne. Abin da aka yi a ƙauyenku aikinsa ne, ban rage masa komai ba. Amma aikin wanda shari'a ta riga ta ci ne.

Ni da Malamin Agege ba yau aka fara irin saɓaninmu ba. Ireniyus, malamin ikilisiya a ƙarni na biyu, ya ɗauki shekara dubun a matsayin mulki na zahiri da ke tafe. Agustin, shi ma malamin ikilisiya, mutumin Afirka ta Arewa da ya rasu a 430, ya ce zamanin ikilisiya ne. Tsarin da aka koya muku na fyaucewa kafin shekara bakwai, John Darby ne ya shimfiɗa shi a wajajen 1830, ya bazu ta hanyar Littafi mai sharhin Scofield na 1909, 'yan mishan da yawa suka zo mana da shi. Duka ɓangarorin akwai masu tsoron Allah da suka ba da ransu. Ban ga dalilin da zai sa ku biyu ku kasa cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Inda ba na sassautawa shi ne masu sa rana. William Miller a Amurka ya tara jama'a suka jira 22 ga Oktoba 1844, wasu ko amfanin gona ba su girbe ba, gari ya waye kamar kullum. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka zuba dukiyarsu a allunan talla. Mu ma nan mun ga daren shiga 2000, majami'u sun cika maƙil da mutanen da ba mu ƙara gani ba. Ubangiji ya ce ranar nan ko mala'iku ba su sani ba, Markus 13:32. Duk wanda ya zo maka da kalanda, ka ba shi hanya ya wuce.

Yanzu batun Mama. Yohanna ya rubuta wasiƙar nan daga tsibirin Fatmos zuwa ga ikilisiyoyi bakwai da ke ƙasar Turkiyya ta yau, galibi ana cewa a ƙarshen mulkin Domishiyan, sarkin Roma, wajajen shekara ta 95. Mutanen nan sun san ma'anar hana saye da sayarwa. A Birgamas an riga an kashe musu Antifas. Wajajen 112 wani gwamnan Roma mai suna Filini ya rubuta wa sarki Tirajan yadda yake gwada wanda aka zarga da zama Kirista: a kawo gunkin sarki, ya ƙona turare, ya zagi Almasihu, sai a sake shi. A 250 sarki Deshiyus ya sa doka kowa ya yi hadaya ga alloli a gaban jami'ai ya karɓi takardar shaida, har an tono wasu daga cikin takardun a Masar. Ka ga takarda ke nan da ke ɗauke da musun bangaskiya. Ko'ina a Ru'ya alamar dabba da sujada ga dabba tare suke tafiya, duba 14:9. Ba a karɓarta da kuskure, ba a manna wa mutum ita a layi bai sani ba. Lambar kanta ma, masana da yawa suna ganin sunan Kaisar Nero ne in aka lissafa haruffansa da Ibraniyanci, shi da ya ƙona Kiristoci bayan gobarar Roma ta 64. To ka tambayi Mama: a wurin yin NIN an ce wa wani ya musunci Yesu? In ba a ce ba, ta je. Yusufu da Maryamu ma ƙidayar Kaisar ce ta kai su Baitalami.

Abin da ya fi riƙe ni a tsufana shi ne wannan: littafin da ake tsorata yara da yaƙinsa na ƙarshe, bai nuna wata doguwar gwabzawa a yaƙin ba. Sau ɗaya tak aka ambaci Armagedon, wurin taruwar yaƙin ƙarshe, a 16:16, kuma taruwa kawai aka ce sun yi. A sura 19 runduna ta ja daga, aya ta gaba an kama shugabansu. Mahayin dokin takobinsa daga baki yake fitowa. Bulus ya ce da numfashin bakinsa zai hallaka mugun nan, 2 Tasalonikawa 2:8. Ba kokawar tsara biyu ba ce da za mu zauna muna fargabar wa zai kayar da wani.

Mama Zumunta, Isolo:

Ɗana maigadi, ni ban yi karatun su Baba ba, kosai da kunu nake sayarwa. Amma bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002, mun dawo daga sujada, na ɗora tukunya ke nan, sai ƙasa ta girgiza. Ma'ajiyar makamai ce ta kama wuta a Ikeja, amma a lokacin wa ya sani? Sama ta yi ja, ƙara kan ƙara, gilasai na zubewa. Wata maƙwabciyata ta durƙusa a tsakar gida tana ihu Yesu ya dawo. Wasu na cewa yaƙi ne. Jama'a suka kwasa da gudu cikin duhu, suka nufi Oke-Afa, ciyawar ruwa ta rufe magudanar nan kamar fili, suka yi ta aukawa kan juna. Sama da mutum dubu suka mutu, mafi yawa mata da yara. Washegari na tsaya a bakin ruwan ana fid da su ana jerawa. Wata yarinya na gani da kitson Lahadi sabo, da ƙaninta ɗaure a bayanta.

Ba wutar ce ta kashe yawancinsu ba, tsoro ne. Tun daga ranar ba na son wa'azin ƙarshen duniya da ke sa mutane firgita. Yesu cewa ya yi in kun ga waɗannan abubuwa ku ɗaga kanku, fansarku ta kusa.

Ni lissafin shekara dubu ya fi ƙarfina, na bar wa malamai. Aya biyu na riƙe. Ru'ya 20:13, teku ta ba da matattun da ke cikinta. In teku za ta mayar, to magudanar Oke-Afa ma za ta mayar, gonar gyaɗar yayanka ma za ta mayar. Ta biye da ita kuma ta ce mutuwa kanta za a jefa tafkin wuta. Ba Shaiɗan kaɗai ba, har ita.

Kuma tambayar nan taka ba zunubi ba ce. A sura 6, rayukan waɗanda aka kashe suna ƙarƙashin bagade suna kuka, har yaushe, ya Ubangiji, ba za ka rama jininmu ba? Suna gaban Allah fa, amma suna tambaya. Ba a tsawata musu ba. Fararen riguna aka ba su aka ce su ɗan ƙara hutawa.

Yaran nan, akwai mace a cikinsu? Ka yi mini magana ta akwatin saƙo. Zumuntar matanmu tana ɗan taimaka wa marayu da kayan makaranta a farkon zango.

'Yar POS, Mile 12:

Baba Dattijo na gode da bayanin takardar nan ta 250. A farkon 2023 da aka yi ƙarancin takardar naira, a rumfata na ga wata tsohuwa mai sayar da tattasai tana kuka, ga kaya ga masu saye amma babu tsabar kuɗi, ita kuma ba ta da asusu domin wani ya ce mata BVN alamar dabba ce. Kwandonta ya ruɓe a gabanta. Shi mai wa'azin kuwa lambar asusunsa na manne a jikin lasifikarsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma Baba, ranar nan na gane yadda hana mutum saye da sayarwa yake da sauƙi a zamanin nan. Ban ce ita ce alamar ba, na dai ga hanyar a buɗe take.

Maigadin Apapa:

Na gode iyayena, Allah ya saka. Mama Zumunta, mace ɗaya ce, ita ce babba, zan yi miki magana. Jiya na kira gida, ƙanwata za ta raka tsohuwa ranar kasuwa.

Amma Baba, maganar farin kursiyi ta tayar mini da wata. Wanda ya kashe yayana, in ya tuba kafin ya mutu, sunansa zai shiga littafin rai? Su zauna birni ɗaya da yayana? In haka ne, ina ramuwar da rayukan nan suke roƙo?

Dattijo, Idi-Araba:

Ɗana, ba zan ɓoye maka ba. I, in tubar gaskiya ce, zai shiga. Ranar da aka jajjefe Istifanas, wani saurayi ne ya tsare wa masu jifan rigunansu, yana goyon bayan kisan, daga nan ya bi gida gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku. Shawulu ke nan, wanda wasiƙunsa kake karantawa da fitilar wayarka. Sarki Manassa ya cika Urushalima da jinin marasa laifi, 2 Sarakuna 21:16, amma da ya ƙasƙantar da kansa a Babila Allah ya ji shi.

Sai dai ba a share jinin yayanka kamar ba a zubar ba. Ko dai mutumin nan ya ɗauki alhakinsa da kansa a gaban kursiyin, ko kuma Ɗan Ragon ya riga ya ɗauka a jikinsa. Hanya ta uku babu. Kuma wanda zai shiga birnin ba mai kisan da ka sani ba ne, domin 21:27 ta ce babu abu mai ƙazanta da zai shiga. Tuba kuma ba ta hana hukuma aikinta, Romawa 13:4 ta ce ba a banza take riƙe da takobi ba, saboda haka neman a hukunta masu kisa a nan duniya ba rashin bangaskiya ba ne.

Ban ce ka haɗiye wannan yau ba. Ka buɗe Zabura 94 ka karanta ta da murya, ko a bakin aiki ne. In kana da hutu ranar Asabar ka shigo Idi-Araba, ka zo da abokin naka ɗan Taraba.

Malamin Lahadi, Agege:

A kan wannan bakinmu ɗaya da Baba, ban da abin ƙarawa. Amma batun shekara dubu, Baba, da girmamawa, ina nan a kan bakana. Aya ta 5 ta ce sauran matattu ba su rayu ba sai da shekara dubun ta cika. In tashin na biyu na jiki ne, ta yaya na farko, na waɗanda suka yi mulki da Almasihu, zai zama na ruhu kawai, kamar yadda masu ra'ayinku ke cewa? Zan buɗe mata zare dabam in na gama ɗinkin anko da ke gabana, mu haɗa da Daniyel sura 9.